BAƘO DA FIRINTAR OFIS

A zamanin tafireta babu wannan magana. Baƙon da ya zo ofis yana so a buga masa takarda, rubutun hannu ya ke miƙa wa akawu, ya koma bisa benci ya jira. In kofe biyu a ke so a sa takardar kabon, in ɗari ne a yanka sitensil a ɗora bisa injin Gestetner, masinja ya yi ta juya hannu har a gama. Yau kuwa takardar tana cikin wayar baƙo, ko cikin kwamfutar da ya ratayo a kafaɗa, ya riga ya rubuta ta ya shirya, abin da ya rage kawai ta fito bisa farar takarda. Sufeton makarantu yana so ya bar wa hedimasta rahotonsa kafin ya tashi. Malamin da kwaleji ta gayyato daga jami'a don ya duba jarrabawa yana so ya sa hannu a sakamako. Ga mai binciken kuɗi, ga ɗan bautar ƙasa da takardar turo shi aiki, ga uban yaro da takardar shiga makaranta, kowa tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ko akwai firinta?"

Firinta kam akwai. Abin da babu a ofisoshi da makarantu da yawa shi ne ƙa'idar da akawu zai bi ya amsa tambayar, sabo da haka ko wane akawu da tasa dabara, mafi yawan dabarun nan kuwa sun fi abin da a ke gudu hatsari. Ni dai a ganina ya kamata a bar baƙo ya buga takardarsa da kansa, daga wayarsa ko kwamfutarsa, ba tare da ya taɓa kwamfutar ofis ba. Amma fa sai an yi masa tasa ƙofa dabam.

FILASH DA WHATSAPP

Mu fara da abin da a ke yi yanzu. Dabara ta fari ita ce baƙo ya ciro filash daga aljihu, akawu ya karɓa ya soka a kwamfutarsa. Filash ɗin nan jiya yana shagon buga takardu na bakin kasuwa, shekaranjiya yana kwamfutar wani ɗalibi, babu wanda ya san abin da ya kwaso. Ko wane akawu ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai, ka danna ba su buɗuwa. Wannan ma mai sauƙi ce. A shekarar 2010 aka gano wata cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ta ɓata injunan tace ma'adinin yuraniyam a Natanz ta ƙasar Iran. Wurin yana da tsaro mai tsanani, injunansa kuma ba su haɗe da intanet, amma cutar an gina ta ne don ta iya tafiya cikin filash, ɗaya daga cikin hanyoyin yaɗuwarta kuwa wata kafa ce cikin manhajar Windows mai kula da buga takardu. In filash ya iya ƙetare katangar irin wannan wuri, ina ga kwamfutar ma'ajin makaranta wadda ke ɗauke da jerin albashi da sakamakon ɗalibai na shekaru?

Dabara ta biyu ta fi yawa a yanzu, ta kuma fi kama da ladabi. Akawu ya ce, "Turo mini ta WhatsApp." Baƙo ya karɓi lambar akawu ya tura, akawu ya sauke a kwamfuta ya buga, baƙo ya yi godiya ya tafi. To, takardar fa ba ta tafi ba. Kofe ɗaya yana cikin wayar akawu, ɗaya yana cikin kwamfutar ofis, za su kuma zauna nan har ranar da wayar ta ɓata ko aka kai ta gyara. In takardar asibiti ce, ko takardar gado, ko rahoton da sufeto ya rubuta a kan wani malami, to asirin mutum ya shiga aljihun wanda bai nema ba, wanda kuma ba a ɗora masa amanarsa ba. Ban ce akawuna marasa amana ba ne. Cewa na yi an ɗora musu kayan da ba nasu ba. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, aka kafa hukuma ta musamman don kula da ita, dokar kuwa ta ɗora wa duk ma'aikatar da ta karɓi bayanan mutum nauyin tsare su, da kada ta riƙe su fiye da bukata. Makarantar da takardun baƙi ke warwatse cikin wayoyin ma'aikatanta ba ta da amsar da za ta bayar in an tambaye ta.

Akwai kuma wata ƙaramar illa da malaman Hausa suka sani sarai. Ka rubuta takarda a kwamfutarka da ƙ da ɗ da ɓ, a buɗe ta a wata kwamfuta wadda ba ta da irin baƙaƙen da ka zaɓa, sai ka ga masu lanƙwasar sun canja kama, ko sun zama 'yan akwatuna, shafuka kuma sun goce. Wanda ya buga daga na'urarsa ya huta da wannan, gama abin da ya ke gani shi ke fita.

YADDA WAYA KE GANE FIRINTA

Dā can, kafin kwamfuta ta yi magana da firinta sai an sa mata wata manhaja da a ke kira direba, ko wace firinta da tata, kamar tafinta ne tsakanin biyun. Baƙon da zai yi minti goma a ofis ba zai tsaya neman direba ba, wayar hannu kuwa ba a ma sa mata. Abin da ya sauya al'amarin shi ne masu ƙera na'urori suka yarda da harshe ɗaya da a ke kira IPP, wanda aka fara tsarawa a ƙarshen shekarun 1990. A watan Nuwamba 2010 kamfanin Apple ya fito da AirPrint a kan wannan harshe, don iPhone da iPad. A 2013 kamfanonin Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙungiyar Mopria don wayoyin Android, tun daga Android 8 na 2017 kuma wayar kan zo da dabarar a cikinta. Windows 10 da 11 ma sun iya. Sabo da haka mafi yawan firintocin da ke da Wi-Fi a kasuwa yau, baƙo zai iya buga takarda da su ba tare da ya sa kome a na'urarsa ba.

Yadda abin ke gudana kuwa, kamar mai shela ne a unguwa. Waya ta yi kira cikin layin sadarwar da ta ke ciki, "Akwai firinta a nan?" Firinta ta amsa da sunanta, da girman takardar da ke cikinta, da ko tana buga launi. Amma shelar nan iyakarta unguwa ɗaya, ba ta ƙetarawa zuwa wani layin. A nan matsalar ta ke. Don waya ta ji firinta, tilas su kasance bisa layi ɗaya, sai akawu mai son kyautatawa ya ɗauki kalmar sirrin Wi-Fi na ofis ya ba baƙo. Daga wannan lokaci wayar baƙon tana layi ɗaya da kwamfutar ma'aji, da ta magatakarda, da wadda a ke shirya tambayoyin jarrabawa. Kalmar kuma ta zauna cikin wayarsa, gobe in ya tsaya bayan katanga wayar za ta shiga da kanta, in ya ga dama ya nuna wa abokinsa. Kafin zangon karatu ya ƙare rabin ɗalibai sun san ta.

Kakanninmu sun riga sun warware irin wannan tun da daɗewa. Baƙo namiji in ya zo gida, a zaure a ke sauke shi. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a kawo abinci, a yi masa duk abin da ya kamata, amma ba ya wucewa cikin gida, babu kuma baƙon kirki da ya taɓa ɗaukar wannan wulaƙanci. Abin da ofis ke bukata ke nan, watau zauren firinta.

GINA ZAUREN

Akwatin da ke rarraba Wi-Fi, wanda a ke kira rauta, yawanci yana da layin baƙi dabam. Mutum zai ce shi ke nan, a kunna shi. Sai dai an gina layin baƙin ne musamman don ya hana baƙo ganin kome na cikin gida, har da firintar. Baƙo zai sami intanet, amma in ya nemi firinta wayarsa za ta ce babu. Na sha tarar da wannan a zagayen makarantu: an kunna layin baƙi, an ga firinta ba ta fitowa, sai aka cire shamakin da ke tsakanin layukan biyu don ta fito. Wannan kuwa daidai ya ke da a gina zaure sa'an nan a rushe bangon da ke tsakaninsa da tsakar gida.

Ga ƙaramin ofis ko makarantar firamare, hanya mafi sauƙi ita ce a keɓe firinta ɗaya don baƙi, a ajiye ta kusa da teburin akawu, kada a haɗa ta da layin ofis ko kaɗan. Firintoci da yawa suna da abin da a ke kira Wi-Fi Direct, watau firintar da kanta ta ke buɗe ɗan layinta, waya ta shiga kai tsaye, ba rauta, ba intanet, ba a kuma ƙona data. Wannan ya dace da mu ƙwarai, musamman inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Abu ɗaya za a kiyaye. Firintocin HP da yawa sun fito daga masana'anta da kalmar sirri 12345678, kowa kuwa ya san ta. A canja ta tun ranar farko, a rubuta sabuwar bisa kati a aljihun teburin akawu, a riƙa sabunta ta lokaci lokaci, gama layin yana ratsa bango, yaro mai ƙiriniya a aji na kusa zai iya cinye muku rabin rim kafin a gane daga ina abin ke fitowa.

Wanda ke da tsohuwar firinta mai igiya kawai, irin su LaserJet 1020 da ke cike da ofisoshinmu, kada ya yar da ita, gama injuna ne masu juriya. Akwai 'yar kwamfuta kamar tafin hannu mai suna Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012. In an haɗa ta da firintar, aka sa mata manhajar CUPS, wadda kyauta ce, tana iya yin shelar nan a madadin tsohuwar firinta, wayoyi su gan ta kamar sabuwa. A haɗa su da wani rauta mai araha wanda ba ya taɓa layin ofis, zaure ya samu. Malamin kwamfuta na ko wace kwalejin horon malamai ya isa ya yi wannan aiki, ya ma fi kyau ya yi shi tare da ɗalibansa a matsayin darasi.

Abin da ba na so a yi shi ne a buɗe wa baƙi firintar da ke haɗe da kwamfutar wani ma'aikaci, ta yadda takardarsu za ta bi ta cikin kwamfutar. A tsakiyar 2021 aka bayyana wata kafa a manhajar buga takardu ta Windows, wadda aka laƙaba wa PrintNightmare, ta inda wanda ya sami 'yar ƙofa zai iya ƙwace kwamfutar ɗungum. Microsoft ya fitar da gyara, amma kwamfutocin ofis nawa ne a ke sabunta su a kan kari? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babbar kwaleji mai gine-gine da yawa ba za ta sayi firinta don ko wane zaure ba. A can sai masanin sadarwa ya shirya rautoci su ɗauki shelar firinta kaɗai su kai layin baƙi, su bar takarda ta wuce zuwa gare ta, su tare sauran kome. Akwai kuma manhajoji na saye, irin su PaperCut na ƙasar Ostareliya, masu ƙidaya shafukan kowa. Wannan aikin gwani ne, kada shugaban kwaleji ya bar shi ga wanda ya iya gyaran waya kawai.

Akwai wata hanya kuma, wadda takarda ke fita ta intanet ta je rumbun wani kamfani a ƙasar waje, sa'an nan ta dawo firintar da ke gabanka. Ni ban cika sonta ba. In sabis ya ɗauke aiki ya tsaya, takardar baƙo kuma ta bi ta hannun da bai sani ba. Ga kuma abin da ya faru da Google Cloud Print, wanda aka fara a 2010, makarantu da yawa a duniya suka dogara da shi, kamfanin ya rufe shi a ƙarshen Disamba 2020, kowa ya shiga neman madadi. Kada kuma a kuskura a buɗe firinta ga intanet kai tsaye don a sauƙaƙa wa baƙi. A watan Fabrairu 2017 wani mai kutse ya sa firintoci wajen 150,000 a ƙasashe dabam dabam suka buga saƙonsa, a ƙarshen 2018 wani ya maimaita da wajen 50,000. Su biyun wasa da gargaɗi suka yi, na uku ba lalle ya zama mai wasa ba.

BAKIN FIRINTA

Duk wannan shiri na waya da rauta ne, amma mafi yawan asirin da ke fita daga ofis ta bakin firinta ya ke fita, inda takardu ke taruwa. Malami ya aika tambayoyin jarrabawar aji uku daga ɗakin malamai, aka tsai da shi a hanya da gaisuwa. Baƙo ya aika takardarsa mai shafi biyu, ya je ya kwashi abin da ya tarar, ya naɗe ya sa aljihu, sai ya isa gida ya ga shafi shida. Ko da mutumin kirki ne, jarrabawar nan ta riga ta fita, tilas a sake ta. In kuwa ɗansa yana aji ukun, to an sa shi cikin jarrabawar da ta fi ta yaron wuya.

Sabo da haka ne na nace a kan firinta dabam. Inda kuɗi bai kai ba, tilas a yi tarayya, to a yi amfani da dabarar riƙe takarda, wadda firintocin ofis masu ɗan girma su ke da ita: mai aikawa ya sa lambar sirri, takarda ta tsaya cikin na'ura, ba ta fita sai ya zo da ƙafarsa ya danna lambar. Tambayoyin jarrabawa da takardun albashi kada a taɓa buga su ba da wannan ba. A makon jarrabawa kuwa babu laifi a rufe wa baƙi firintar tarayya baki ɗaya, a manna sanarwa a ƙofa, a nuna musu shago mafi kusa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

TAKARDA DA TAWADA

Wanda zai fara ƙin wannan shawara ma'aji ne, yana kuwa da hujja. Rim ɗaya takarda 500 ne. In baƙi suna buga shafi 20 a rana, cikin mako biyar na aiki rim ya ƙare. Tawadar 12A da a ke sa wa LaserJet 1020, kamfani ya ce tana buga shafi 2,000, amma an auna wannan ne da shafin da tawada ta rufe wajen kashi 5 cikin 100 nasa, watau wasiƙa mai rubutu kaɗan. Baƙi kuwa yawanci hoton takarda su ke ɗauka da waya, bisa tebur, cikin inuwa, sai shafin ya fito da duhu daga sama har ƙasa, ya sha tawadar shafuka da dama. Akawu ya koya musu su yi amfani da manhajar da ke wanke hoton ta mai da shi PDF mai farin fili, wayoyi da yawa suna da ita. A kuma saita firintar baƙi a kan baƙi da fari, gaba da baya in tana iyawa. Ga batun wuta: firintar leza sai ta ɗumama kafin ta manna tawada, a lokacin nan tana jan wat ɗari da yawa, har ta kan kayar da ƙaramar inbata, mai tawadar ruwa kuwa abin da ta ke ja bai taka kara ya karya ba. Makarantar da ke kan hasken rana ta yi la'akari da wannan kafin ta saya.

A ajiye littafi kusa da firintar, mai layi huɗu: kwanan wata, sunan baƙo, yawan shafi, sa hannu. Kada a rubuta abin da takardar ta ƙunsa, gama ba ruwan ofis da shi. Wanda ya zo aikin hukuma, kamar sufeto ko mai binciken kuɗi, kyauta ne. Wanda ya zo bukatar kansa, shafi biyu ko uku a bar masa, in ya wuce haka ya biya abin da aka ƙayyade, a ba shi rasit, kuɗin ya shiga hannun ma'aji. Kuɗin da ke shiga aljihun tebur ba rasit, ko sisi ne, wata rana sai ya jawo wa akawun kirki magana. Farashin kuma kada ya gaza na shagunan gari, don kada ofis ya koma shago, ya kuma kashe wa masu sana'a kasuwa.

Saura abu ɗaya da a ke mantawa, watau ranar rabuwa da na'urar. Ƙananan firintoci ba su ajiye kome in an kashe su, amma manyan injunan kofe na ofis da yawa suna da rumbu a ciki, irin na kwamfuta, wanda ke iya riƙe hoton shafukan da suka wuce ta cikinsu. A watan Afrilu 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injuna huɗu a wani sito a jihar New Jersey, aka buɗe rumbunansu, aka tarar da takardun 'yan sandan birnin Buffalo, da takardun albashin wani kamfanin gine-gine, da bayanan marasa lafiya na wani kamfanin inshora mai suna Affinity Health Plan. A 2013 kamfanin inshorar ya biya gwamnatin Amurka fiye da dala miliyan 1.2 a kan wannan sakaci, gama ya mayar da injunan haya ba tare da ya goge su ba. Injunan kofe da yawa da ke ofisoshinmu na hannu ne, daga Turai da Amurka aka kwaso su, wata rana kuma za a yi gwanjonsu a nan. Duk injin da baƙi suka yi amfani da shi, a duba littafinsa a kunna masa goge takarda bayan bugawa, kafin kuma ya bar harabar makaranta, ko don gyara ko don gwanjo, a goge rumbun a gaban ma'aji, ko a cire shi a kulle a sito, a rubuta lambarsa cikin littafin kaya.